Harafin da Aka Sa wa Hannu

Da sunan Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda ko ɗigon harafi ba ya ɓacewa a wurinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya koma ga Ubangijinsa ranar Talata da hantsi, a ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da Abu Hujar, yana da shekara kusan tamanin. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan.

Kafin azahar gida ya cika ya tumbatsa. Mata suna kuka daga ciki. Larabawan maƙwabta sun zo a kan jakuna, kowa ya sauka ya ɗaga hannuwa ya yi Fatiha bisa al'adarsu. Wata tsohuwa mai sayar da kisra, wainar dawa ta mutanen nan, ta zauna a ƙasa tana faɗin cewa shi kaɗai ne malamin da ya taɓa tambayarta sunan mahaifinta. Waɗannan na karɓi gaisuwarsu da zuciya ɗaya. Amma akwai wasu. Akwai waɗanda shekara bakwai suna sauya hanya idan sun hango shi, ranar nan kuwa su ne a gaban makara. Ɗayansu ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, an yi rashi. Tun daga nan har Sinnar babu kamarsa." Na dubi bakinsa. Na san bakin. Na taɓa ganinsa a buɗe yana dariya a ƙarƙashin gawo, ranar da aka tozarta mamacin.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne limamin garinmu na yanzu, ƙanin matar marigayin. Da aka ajiye gawa aka tsai da sahu, ya gyara rawani ya tako gaba. Na sa sandata a gaban ƙafarsa.

Na ce, "Liman, waliyyin mamaci ya fi cancanta. Koma sahu."

Ya ce, "Malam, ai uba ne a wurina."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa."

Ni na sallaci wana. Ina rubuta wannan takarda ne don kada a manta da shi, kuma don kada a manta da abin da aka yi masa. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai fushi a cikin tawadar nan. Na nemi Allah ya tace ta daga ƙarya, ban roƙe Shi ya sanyaya ta ba.

Wanda duk ya zauna da marigayin ya san shi da tambayar suna. Baƙo ba ya shan ruwan gidansa sai ya faɗi sunansa, kuma ba ya tashi sai an tono asalin sunan, daga wane harshe ya fito, me yake nufi, wa ya raɗa shi, don me. Yakan ce, "Kada ka kira abin da ba ka san ma'anarsa ba, ko da akuya ce." Mahaifinmu ya fito da mu daga ƙasar Sakkwato a kan hanyar hajji muna yara, har muka yada zango a wannan ƙasa ta Larabawa, kuma tun a hanya wana yake tara sunayen mutane kamar yadda wasu ke tara duwatsun ado. A gefen littafin nahawunsa, wanda ya ɗaure da igiyar fata, akwai sunayen Barebari da na mutanen dutse da na Habasha, kowane da fassararsa a ƙasa. In yana shukar albasa a bakin kogi ya ji masu jirgi suna kiran juna, sai ya bar fartanya ya bi su da tambaya, ƙafafunsa duk laka.

Shi ya ɗauki ƙanin matarsa yana maraya, ɗan shekara shida, kansa duk ƙuraje. Shi ya wanke masa allo na fari. Shi ya kama hannunsa ya nuna masa bambancin dal da ɗa mai hannu. Domin wanda bai yi karatun allo ba, in bayyana: dal shi ne harafin da muke rubuta dawa da doki da shi, ɗan lanƙwasa ne kawai. Ɗa mai hannu kuwa shi ne na ɗaki da ɗa, yana da sanda a tsaye a kansa, ita ce ake ce wa hannu. Yaron ya fito da kyakkyawan rubutu, har wana ya mai da shi magatakardansa, da idonsa ya fara rauni. Yakan yi alfahari da shi a gaban baƙi, ya ce, "Hannun wanga ya fi nawa."

A shekarun da ake ginin babbar madatsar ruwa a can sama, wasu mutanen Rasha masu auna ƙasa suka kafa tantuna kusa da mu, tare da likitansu, wanda mutanen gari suke kira hakim. A lokacin, babban ɗan wana ya yi shekara goma sha ɗaya da aure, an haifa masa uku, babu wanda ya kai ranar suna. Cikin damina matarsa ta shiga naƙuda ta huɗu, kwana biyu, ungozoma ta ce ɗan ya zo a gicciye. Laka ta rufe hanya, babu lorin da zai fita. Wana ya ɗauki sandarsa da rana tsaka ya nufi tantunan. Na bi shi ina jayayya.

Na ce, "Yaya, namiji ne, kuma ba ya salla. An ce mutanensu ma ba su yarda akwai Allah ba."

Ya ce, "In ba su yarda ba, Shi ya yarda da akwai su. Kai da ka karanta babin lalura, ina ka aje shi? Tafi ka ɗauko, ni ina gaba."

Hakim ya zo da jakarsa, ya shiga tare da ungozoma da uwargidan wana. Kafin la'asar muka ji kukan jariri. Uwa ta rayu, ɗa ya rayu.

Kashegari ya dawo duba su, wana ya zaunar da shi a zaure. Uwargida ta miƙo jabana, butar gahawa, daga bayan zana. Mu huɗu ne a wurin: wana, da hakim, da ni, da ƙanin matar, yana riƙe da tawada. Hakim dogo ne, fatarsa ta ƙone da rana, Larabcinsa guntu-guntu kamar na yaro mai koyon magana. Wana bai bari ya ƙare finjali na farko ba.

"Mi sunanka?"

"Bogdan."

"Mi yake nufi?"

Mutumin ya yi murmushi. Ya nuna sama da yatsa ya ce, "Bog. Allah." Sa'an nan ya buɗe tafin hannunsa ya miƙa wa wana kamar mai ba da wani abu, ya ce, "Dan. An bayar."

Wana ya ajiye finjali. Ya ce, "Abin da Allah ya bayar?"

Ya gyaɗa kai. Da ƙyar da ishara ya fahimtar da mu sauran. Sunan tsoho ne ƙwarai a harshensu, kalma biyu ce aka haɗa. Malaman addininsu suna da wani sunan mai wannan ma'ana daga harshen Yunanawa, amma talakawa suka riƙe na bakin iyayensu. A wasu ƙauyukansu tsofaffin mata sukan kira jariri da shi kafin a raɗa masa suna, kuma akan bar wa yaron da aka daɗe ana jira. Shi kansa kakarsa ce ta zaɓa masa, domin yayyensa sun mutu suna jarirai.

Ban taɓa ganin wana cikin murna irin ta ranar ba. Ya bugi gwiwata ya ce, "Ka ji? Kyauta ke nan. Abin da muke ce wa Kyauta, Larabawa su ce Ata'ullahi. Tsohuwar Rasha da tsohuwar Sakkwato kuka ɗaya suka yi, suna ɗaya suka raɗa." Ya juya ga hakim ya ce, "An ce gwamnatinku ta kori Allah daga ƙasarku. Ga shi kakarka ta ɓoye Shi a bisa kanka, ka ƙetare da Shi ta gaban 'yan sanda." Hakim ya yi dariya har ya tuntsurar da jabana, ya waiwaya ya duba ko akwai ɗan ƙasarsu a kusa.

Wana ya ce wa ƙanin matarsa ya rubuta a gefen littafin. Ya tsoma alƙalami, ya tsaya, ya ce, "Malam, dal ko ɗa mai hannu?" Wana ya sa hakim ya maimaita sau uku, ya kasa kunne, ya ce, "Dal." Ya rubuta da dal, ya sa fassara a ƙasa, Kyautar Allah. Ina zaune, na gani.

Ranar suna aka raɗa wa jariri sunan mahaifinmu. Kowa ya san ba mai iya kama wannan suna a gidan, daga mu har matanmu, don haka dole a nemi laƙabi. Wana ya ce a kira shi Bogdan, don godiya ga Wanda ya bayar da kuma wanda aka bayar ta hannunsa. Mata suka mai da shi Bogodan. Shekara takwas ana kiransa haka, babu wanda ya ɗaga gira. Ƙanin matar ma haka yake kiransa, yana ɗaukarsa a kafaɗa.

Sai abu biyu suka haɗu a shekara ɗaya. Hukuma ta juya wa mutanen Rasha baya, aka shiga farautar duk wanda aka ce ɗan shuyu'iyya ne, wato mai bin aƙidarsu. Kuma aka ba garinmu izinin Juma'a, aka gina masallaci na jan bulo. Wana ya yi shekara talatin yana limancin garin a ƙarƙashin rumfar kara, ba wanda ya yi tsammanin wani zai hau mumbarin in ba shi ba.

Sai takarda ta fita. Ta je wurin umda, mai mulkin yankinmu, ta zaga ƙauyukan Hausawa na bakin kogi, aka karanta ta a masallatai. Abin da ke ciki shi ne, wai limamin garinmu ya yi abota da maƙiya addini, har ya raɗa wa jikansa suna daga wurinsu. Bog a harshensu Allah ne, da bakinsa ya faɗa. Ɗan kuwa kowane Bahaushe ya san shi. Ashe ya kira jikansa ɗan Allah, tsarki ya tabbata ga Wanda bai haifa ba. An rubuta sunan da ɗa mai hannu. Sanda ɗaya aka ƙara, wadda ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Na ga takardar, na gane rubutun tun daga nesa. Hannun da ya fi na wana ne.

Dubi irin wayon. Umda Balarabe ne, bai san Hausa ba, ya dogara ga malamanmu. Malamanmu ba su san harshen Rasha ba, suka dogara ga takarda. Hakim ya daɗe da komawa ƙasarsu. Tarkon da Bahaushe kaɗai zai iya ɗanawa, kuma Bahaushe kaɗai zai faɗa.

Aka taru a ƙarƙashin gawon ƙofar umda. Wana ya yi bayani a natse. Ya ce kalmar ba tamu ba ce, ma'anarta bayarwa. Ya ce, "Ko da Hausa ce, ku da kanku kun san ɗan gaba yake zuwa. Ɗan Kano muke cewa. Wa ya taɓa jin an ce Kano ɗan?" Na ga kawunan dattawa sun fara gyaɗawa. Sai ƙanin matar ya miƙe, ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai su komai nasu a juye yake. Ba daga hagu suke fara rubutu ba?"

Wuri ya ɗauki dariya. Da wannan dariya aka yanke hukunci. Ba aya, ba hadisi, ba ƙa'idar nahawu. Aka ce a jingine shi daga limanci har a bincika, kuma har ya mutu ba a bincika ba. 'Yan sanda suka tafi da shi kwana biyu, suka ga tsoho ne mai albasa, suka sako shi. Juma'ar farko, ƙanin matarsa ne a kan mumbari.

Tun a ƙarƙashin gawon na raɗa masa, "Yaya, littafin. Aika a ɗauko littafin." Ya danne gwiwata. Da muka koma gida na tsare shi.

Na ce, "Rubutun hannunsa ne, da dal, da fassara. Ka buɗe shafi ɗaya ka gama da shi."

Ya ce, "In na gama da shi, mi zan ce wa yayarsa? Shi kaɗai ya rage mata daga gidan ubansu. Shekara arba'in tana ba ni ruwan alwala, in saka mata da tsiraita ƙanenta a gaban Larabawa?"

"Shi ya tsiraita ka."

"Ni na koya masa rubutu. Wanda ya wasa wuƙa ba ya kai ƙarar kaifinta."

Ya sa na ɗora hannu a kan Littafin Allah, na rantse ba zan ambaci shafin nan ba muddin yana numfashi. Na rantse ina kuka don haushi. Wannan ita ce rigima mafi girma da ta taɓa shiga tsakaninmu, wata uku ban taka gidansa ba. Ni na daina salla a masallacin, kowace Juma'a nakan hau jaki zuwa ƙauyen gaba. Shi kuwa bai fasa ko sau ɗaya ba. Yakan tsaya a sahun ƙarshe, kusa da takalma, a bayan wanda ya yi masa ƙazafi. In an sallame ya jera wa mutane takalmansu. Na ce masa wannan wulaƙanta ilmi ne. Ya ce, "Sallar jam'i ba ta ƙanin matata ba ce."

Ɗalibai suka watse. Masu kawo masa tambayar gado suka koma wani wurin. Jikan ya sha jifa da baƙar magana a hanyar makaranta, har aka hana yara cin abinci tare da shi. Ubansa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a sauya laƙabin nan, a huta." Nan kaɗai na ga wana ya ƙi sassauci. Ya ce, "Limanci nasu ne, sun karɓa. Suna kuwa gaskiya ne. In na sauya shi, na shaida ƙarya a kaina." Har ya mutu, kullum da safe yakan tsaya a ƙofar gida ya kira jikan da cikakkiyar murya, yadda na cikin masallaci zai ji. Yakan tsokane shi, "Bogdan, kai da aka ba mu kyauta, yaushe za ka fara amfani?" Shi kuma ya ce, "Kaka, ai ba a duba haƙoran dokin kyauta."

Ranar sadakar uku, surukar gidan, uwar jikan, ta kawo mini abu a naɗe cikin zane. Littafin nahawu ne. Ta ce, "Inna ta ce in faɗa maka, rantsuwarka ta ƙare ranar Talata. Ta ce ita ba a taɓa tambayarta ba ko tana son a rufa wa ƙanenta asiri da mutuncin mijinta."

Ranar bakwai, da hantsi, rumfar makoki ta cika, har da dattawan ƙauyukan da aka karanta waccan takarda. Liman ya gama addu'a, ya share hawaye. Na buɗe littafin na miƙa masa.

Na ce, "Liman, idona ya yi rauni. Ga wani abu a gefen nan, karanta wa jama'a."

Ya karɓa. Ya dubi gefen shafin.

Na ce, "Rubutun wa ke nan?"

Ya ce, a hankali, "Nawa ne."

"Ɗaga murya, dattawa ba su ji ba. Me aka rubuta a ƙasan sunan?"

"Kyautar Allah."

"To, harafin nan na tsakiya, dal ne ko ɗa mai hannu?"

Ya ce, "Malam ya yafe mini. Da bakinsa ya faɗa mini."

Na ce, "Ya yafe nasa, kuma ya isa. Ga jikansa nan zaune, ba a tambaye shi ba. Ga mutanen da ka sa suka yi dariya ga malaminsu, ba a tambaye su ba. Ni ma ba tambayar yafiya na yi maka ba. Dal ko ɗa?"

Sai murya ta fito daga bayan zana, muryar mai takaba, wadda ta goya shi yana maraya. Ba ta ɗaga ta ba, amma kowa ya ji.

"Dal ne. Ina nan bayan zanan nan da jabana ranar da ka tambaya."

Ba zan ƙara gishiri ba. Da aka kira azahar, wasu sun bi shi, wasu sun tsaya a rumfa. Har yau yana kan mumbari, domin mutane sun fi jin kunyar amsa kuskurensu fiye da tsoron maimaita shi. Saboda haka wannan takarda za ta bi duk hanyar da waccan ta bi, ƙauye bayan ƙauye, kuma ina roƙon kowane limami da ya karanta ta farko ya karanta wannan a wuri ɗaya, a tsaye, da murya ɗaya. Wanda ya ƙi, ya sani ya zama abokin tarayya a cikin sandar nan.

Allah ya gafarta wa wana, ya sanya shi a sahun gaba a inda babu mai mai da shi baya. Ya saka wa matarsa da alheri. Hakim kuwa ban san ko yana raye ba, Allah ya shiryar da shi zuwa ga Wanda sunansa ke ambata. Shi kuma mai kyakkyawan rubutu, ba na roƙa masa cuta ko talauci. Ina roƙon Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar kunne. Na karɓi aikin wana, kullum da safe ina tsayawa a ƙofar gidan in kira jikan, kuma bayana ubansa zai karɓa. Akwai kuma ranar da za a rufe bakuna, hannuwa su yi magana. Ina so in kasance kusa in ji abin da nasa zai ce.

Wanda zai kwafi wannan takarda, ya kula da alƙalaminsa idan ya iso kan sunan. Dal ne. Kada ya sa masa hannu.